Ƙahonnin Bindigar Kaka

Ba zan taɓa mantawa da warin nan ba, ko da kuwa na so in manta. Warin albarushi ne, wani abu tsakanin ruɓaɓɓen ƙwai da ashanar da aka ƙyasta aka hure, ya gauraya da turaren wutar biki, ya shige cikin leshina ya ƙi fita. An wanke rigar har ta koɗe. Amma har yau in na buɗe akwatin da take ciki, sai kunnena ya ɗauki ƙara, fuskata ta yi zafi, kamar ɗazu abin ya faru.

Ranar ɗaurin auren yayata Rakiya ne, a gidanmu na Zongo. Sai dai kafin in kai ku wurin, ya kamata ku san bindigar tukuna.

Tun da na yi wayo nake ganinta a ɗakin kakanmu Alhaji, rataye saman gadonsa, bakinta na kallon ƙasa. Doguwa ce, ƙarfenta mai kusurwa takwas, nauyinta kamar na tulu cike da ruwa. Itacenta ya sha hannu har ya yi baƙi yana sheƙi, an zana masa ganyayen wata bishiya da ba mu da irinta. Kunamarta biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gindinta. An lulluɓe shi da wani ƙarfe mai lanƙwasa, mai ƙaho biyu: na sama gajere, na ƙasa dogo, ya tanƙwaro kamar yatsan da ke kiran mutum, da ɗan dunƙule a ƙarshensa. Da wannan dogon ƙahon ake rataye ta a ƙusa, kuma a gidanmu kowa ya ɗauka amfaninsa ke nan.

Abin da Kaka ya sani game da ita kaɗan ne. Mahaifinsa bafatake ne, mai safarar goro, ya samo ta a Sansanin Mango, can arewacin Togo, a hannun wani Bature da ke haɗa kayansa zai koma gida. Iyakar labarin ke nan. Sauran duk ni na ƙara.

Kuma na ƙara da yawa. Ina ƙarama, in Kaka ya tafi masallaci, sai in hau gadonsa in shafa ƙarfen, in ja maƙyastin baya ya ce ƙas, in taɓa kunamar baya ita ma ta ce ƙis, wata 'yar ƙara mai daɗi kamar ta agogo. (Kunamar bayan nan ba ta tayar da komai, kowa ya yarda ta lalace tun zamanin da.) A cikin kaina bindigar ta kashe zakuna a hanyar Gwanja, ta kori 'yan fashi daga ayarin jakuna, ta kwana ƙarƙashin taurari. Da aka rushe tsohon gidanmu na cikin gari, wajen unguwar Kamsaoghin, Kaka ya bar gado da akwatuna suka tafi a mota, ita kuwa ya naɗe ta a zane ya rungume ta a bayan moto, wato babur, har Zongo. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa ba ƙaramar aba ba ce. A lise, wato sakandare, na rubuta mata waƙa da Faransanci, malami ya karanta wa aji. Da na shiga jami'a kuwa, sai na riƙa gaya wa ƙawayena cewa ƙahonnin nan jinjirin wata ne, wani maƙeri mai tsoron Allah ya ƙera su don duk wanda ya ɗauki makami ya tuna da sama. Ban ji wannan a bakin kowa ba. Na faɗa sau da yawa ne har na manta ni na ƙirƙira.

Ba a buga ta sai ran babban sha'ani, kuma mai bugawa mutum ɗaya ne, Rasmane maƙwabcinmu, ɗan ƙabilar Mosi, wanda a ƙauyensu shi ke harba bindiga in babban tsoho ya rasu. Albarushi kawai yake ɗurawa, ya cusa tsumma, babu harsashi, don ƙara ake so ba ɓarna ba. Amma fa yana ɗurawa da hannu sake. Ranar da Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga Makka, Rasmane ya dafa gindin a kafaɗa kamar kowace bindiga, ya ja, ƙahon ya nutse masa a ƙirji. Ya daɗe ba ya iya ɗaga hannu, ana gasa masa wurin da ruwan zafi da man kaɗanya.

Saboda haka da bikin Yaya Rakiya ya matso, Rasmane ya ce zai buga don darajar tsoho, amma da sharaɗin wannan ne karo na ƙarshe da ƙarfen nan zai cije shi. Kawu Idi, wanda ke sayar da kayan gyaran moto, kuma a wurinsa duk abin da ba shi da aiki kaya ne kawai, ya ce magana ta ƙare: washegarin biki zai kai ta wurin mai walda a yanke ƙahonnin, a goge wurin ya yi sumul. In don rataya ce, ƙusa biyu sun isa.

Ina jin haka na ji kamar ni za a yanke wa kunne. Na bi Kaka ɗaki, na durƙusa gefen kujerarsa, na fara zuba masa maganar jinjirin wata. Ya saurare ni har na gama, idanunsa da suka fara hazo suna kallon saman kaina.

“Uwargida,” haka yake kirana cikin wasan jika da kaka, “wata yana sama, ban taɓa jin ya ciji kowa ba. Wannan naki kuwa ya ciji Rasmane.”

Na ce masa ai abin tarihi ne, ba a taɓa shi. Ya ce shi ma abin tarihi ne, amma likita ya cire masa haƙori uku bai ji na yi kuka ba. Da ya ga idona ya kawo ruwa da gaske, sai ya sassauta.

“To ji nan. Ba ni da ƙarfin jayayya da Idi a kan waƙa. Ke ce 'yar lakwal, mai karatun boko. In kin gano amfaninsu kafin biki ya watse, amfani na gaske wanda Idi zai gani da idonsa, su zauna. In ba ki gano ba, ya yanke.”

Na nema, wallahi na nema. Na yi ta latsa waya, amma ta yaya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba ko da Faransanci? Duk abin da na rubuta, sai a nuno mini ƙugiyar kama kifi ko ta rataye nama. Bindigar kuwa Kawu ya riga ya sauke ta ya ba Rasmane ya tsabtace, ban sake sa ta a ido ba sai ranar.

Ranar kuwa gida ya cika maƙil. Mata a tsakar gida, tukwane na tafasa, mu 'yan'uwan amarya mun sha anko na wani leshi ruwan hoda mai manyan huji da faɗin hannu. Maza na waje kan tabarmi, ƙarƙashin rumfar tamfal da aka kafa a ƙofar gida, an jera motoci masu ƙafa biyu a gefe kamar haƙoran mataji. Dangin ango daga unguwar Paspanga suka zo, mutane masu kamun kai, wakilinsu wani dogon Alhaji ne da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. An shirya cewa da zarar an shafa fatiha, Rasmane zai buga, mata su ji su saki guɗa.

Inna ta ɗora mini babbar roba cike da zom-kom, ruwan gero mai sanyi da ake tarbar baƙi da shi, ta ce in ajiye a zaure, samari za su ɗauka. Na shiga zauren, na sauke, na ɗago, sai ga ta a jingine a lungu. Ba kowa. Rasmane ya fita ya zauna cikin maza don a yi addu'a da shi.

Tunanin cewa an riga an ɗura mata bai ko gifta mini ba. (Mace mai karatun adabi, wadda ta san sunayen taurari, amma ba ta tambayi kanta me ya sa aka ajiye bindiga kusa da ƙofa ana gab da ɗaurin aure ba.) Abin da kawai na gani shi ne gobe war haka ƙahonnin nan suna ƙasan shagon mai walda cikin tarkacen ƙarfe. Na ce bari in riƙe ta ko sau ɗaya ne a rayuwata.

Da ƙyar na ɗaga ta. Na dafa a ƙirji kamar yadda Rasmane ke yi, ƙahon ya soke ni, bakin ya rinjaya ƙasa. Na ɗora a saman kafaɗa, ta zame. Na juya ta kife, ta zama abin dariya. Ina cikin wannan kokawa sai dogon ƙahon ya shige ɗaya daga hujin leshina, wajen haƙarƙari, ya maƙale. Na ɗaga hannun dama sama don in ga inda ya kama, ƙarfen ya sulale ya shige ƙarƙashin hammatata, na sauke hannun.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba.

Nauyin ya ɓace. Ba wai ya ragu ba, ya dai sami wurin zama ne. Dogon ƙahon ya riƙe ni ta ƙasa, gajeren ya kwanta a saman damtsena, lanƙwasar ta rungume hannuna kamar an auna. Bakin da ke ta neman ƙasa ya tsaya cak, don duk lokacin da ya so rinjaya, ƙugiyar na tokare da hammata ta hana shi. Gwiwar hannuna ta hagu ta sami ƙuguna da kanta. Na sunkuyar da kai, sai kumatuna ya faɗa cikin wani ɗan kwari da aka sassaƙa a itacen, wanda shekara da shekaru nake shafawa ban san na kumatu ba ne. Ta ɗan hujin dubawa na hango ƙofar zaure, na hango saman kawunan maza, na hango gefen tamfal, da wani reshen dogon yaro a bayansa, ganye ɗaya tak yana rawa a iska. Komai na duniya ya yi nisa in ban da ganyen nan. Na ji numfashina yana shiga yana fita, bindigar na numfashi tare da ni. Wani mutum, a wata ƙasa da ban sani ba, wanda ya mutu tun kafin a haifi Kaka, ya zauna ya yi tunanin yadda jikin ɗan Adam yake, ya lanƙwasa ƙarfe daidai da shi, ga shi yau saƙonsa ya iso. Tsigar jikina ta tashi. Na tuna ina faɗin subhanallahi a hankali.

Daga nan hannuna ya yi abin da ya saba tun ina ƙarama. Na ja maƙyastin, ya ce ƙas. Na taɓa kunamar baya, ta ce ƙis. A waje ina jin muryar liman sama-sama yana tambayar wakilin ango ko sun karɓa. Na ɗora yatsa a kan kunamar gaba. Ban ja ba. Duk wanda ya tambaye ni tun daga ranar, amsata ɗaya ce: shafawa kawai na yi.

Zauren ya tsage.

Abin da na sani da kaina shi ne fari fat, sai zafi a fuska, sai na tsinci kaina zaune daram cikin robar zom-kom, sanyi na ratsa zanena. Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi fiye da yadda nake bukata. Tsumman ya fita da wuta ya huda tamfal. Maza suka watse, wani ya bangaji moto ta farko, ta kwanta kan ta biyu, suka bi juna har ƙarshen layi. Wakilin ango, da bakinsa a buɗe zai ce sun karɓa, sai ganinsa aka yi kwance rub da ciki, babbar rigarsa ta rufe masa kai. Liman kaɗai bai motsa ba, aka yi ta yaba ƙarfin imaninsa, har sai da shi da kansa ya ce ƙafafunsa ne suka ƙi tashi. A cikin gida kuwa mata sun ji alamar da suke jira, suka saki guɗa, Yaya Rakiya ta fashe da kukan amarci, alhali ba a ɗaura komai ba.

Ni duk ban ji wannan ba. Kunnena ya toshe, sai wata doguwar ƙara siririya. Hayaƙi ya shaƙe ni, na miƙe na nufi haske, bindigar na biye da ni don har yanzu tana maƙale a leshina. Na fito ƙofar zaure. Ɗankwalina ya tafi inda ban sani ba, fuskata baƙa ƙirin, farin ruwan gero na ɗiga daga bayana. Da mai hankali ce, da ta juya da gudu. Amma ni idona ya faɗa kan Kaka, zaune a kujerarsa inda aka ajiye shi, sai murnar abin da na gano ta danne komai. Na matsa kaɗan, na yi masa raɗa. Wato ni a ganina raɗa ce.

“Kaka! A hammata ake sa ta!”

Na ga bai amsa ba, na ɗauka bai ji ba. Sai na ɗaga hannu sama, a gaban liman, a gaban surukai, a gaban duk dattawan unguwa, na nuna wurin.

“Hammata! Duba ka gani, hammatata ta shiga daidai!”

Ni da ko a gaban mahaifina ban taɓa furta kalmar nan ba. Ni da malamai ke cewa in ɗaga murya don na baya su ji. An ce har masu sayar da gawayi a bakin titi sun ji ni.

A daidai lokacin kunnena ya fara buɗewa. Abin da ya fara shiga shi ne guɗar mata daga cikin gida, sai shirun maza a gabana, ana ta kallona daga ƙasa, daga bayan bishiya, daga ƙarƙashin moto. Sai muryar Kaka, a natse kamar yana tambayar ruwan alwala.

“Mun ji, uwargida. Mutanen Paspanga ma sun ji.” Ya juya wajen liman. “Malam, a ci gaba. An riga an buga, saura a ɗaura.”

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Kawu Idi ya zo ya kama bakin bindigar ya ɗaga sama, ya tura mu ni da ita cikin zaure, Inna ta zo da almakashi ta raba mu. Na shige bayan madafa na zauna cikin jiƙaƙƙen zane ina kuka, ina jiran a ce surukai sun yi fushi sun tafi. Ba su tafi ba. An ɗaura aure, an sake guɗa karo na biyu, wannan karon ba bindiga.

Da la'asar sakaliya, baƙi sun ragu, Kaka ya aika a kira ni. Na tarar da Kawu da Rasmane a ɗakinsa, bindigar na kan gado. Rasmane ya rantse ya sake rantsewa cewa babu komai a cikinta yanzu, ya kuma yi mini faɗan da na cancanta, rabi da Hausa rabi da yarensu: da akwai mutum tsaye a ƙofar fa? Na sunkuyar da kai, don gaskiyarsa ce. Sannan Kaka ya ce in nuna musu, amma a hankali, ba sai unguwa ta ji ba.

Na nuna. Rasmane ya karɓa, ya ɗaga hannu, ya sa, ya sauke. Ya daɗe a tsaye yana duban bango ta hujin.

“Yaba,” ya ce wa Kaka daga ƙarshe, yadda Mosi ke kiran kaka, “ashe ba ta cizo. Ni ne nake sa mata kafaɗa a baki.”

Kawu ma ya gwada. Ya saki hannun hagu kaɗan ya ga bakin bai faɗi ba, ya sake kamawa, ya yi gyaran murya, ya ce to, tunda suna da aiki a bar su, amma tamfal ɗin mutane ni zan ɗinke. Sai Kaka ya ce a tashe shi tsaye. Suka riƙe shi, na gyara masa ƙahon a ƙarƙashin hannu, ya kwantar da kumatunsa a kwarin itacen. Hannunsa da ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zuba, na ga ya lafa. Ba na jin yana ganin komai ta hujin nan. Amma ya tsaya a haka har ƙafarsa ta gaji.

“Ikon Allah,” ya ce da suka zaunar da shi. “Babana bai riƙe ta haka ba, ni ma ban taɓa ba. Tana miƙo mana hannu, mu kuwa muna rataye ta da shi.”

Ƙahonnin suna nan har yau. Sunan da na samu a ranar ma yana nan: yaran unguwa ba su san sunana na yanka ba, kuma dogon Alhajin nan na Paspanga, wanda a ranar na fara ganin haƙorinsa, duk sallah sai ya aiko a gaida masa mai hammata. Abin da na koya ba shi da zurfi ko kaɗan. Kafin ka yi wa abu waƙa, tambayi ko an ɗura masa. In kuma kunnenka ya toshe, to bakinka ma ya toshe tare da shi.

Kaka ya rasu da daɗewa kafin in san sauran labarin. Wata rana ina duba tsofaffin littattafan da ake bazawa a ƙasa kusa da babbar kasuwa, na buɗe wani mai hotuna, sai ga jerin Turawa masu gashin baki, da gashin tsuntsu a huluna, kowanne tsaye da irin bindigarmu, ƙugiya a hammata. Na durƙusa a wurin na karanta, mai littafin na ta hararata. Ashe a ƙasar Suwis da yankunan Jamus aka saba ƙera su, 'yan ƙaura kuma suka tafi da al'adar har Amurka. Ba na yaƙi ba ne, ba na farauta ba. Na gasa ne: a tsaya a tsaye ran hutu, a auna wani zagaye da aka zana a takarda can nesa, a harba, a tafa, a ci abinci. Da gangan ake yi musu nauyi don kada baki ya yi rawa, ƙugiyar ce ke ɗauke nauyin, albarushin kuma kaɗan ake sawa don kada ƙarfen ya ji wa mutum. Kunamar baya ba ta lalace ba: aikinta ta ɗana ta gaba, yadda shafa kawai ya isa. (A nan na so a ce Inna na kusa.)

Ba zaki ke nan, ba 'yan fashi, ba jinjirin wata. Sai wani layi a ƙasan hoton da ya sa na zauna dirshan a gefen titi: masu hali a cikinsu sukan je wurin maƙeri a auna su, a yi gindin daidai da jikin mai ita. Jarumin da na kwashe ƙuruciyata ina hangowa a kan doki, ƙato mai faɗin ƙirji, ashe in an bi ta ma'aunin ƙarfen nan ɗan guntun mutum ne mai siririn hannu, tsawonmu ɗaya da shi.